Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Marubutan Labaran Fargaba: Ku Bar Mu Mu Ji Waƙar

Zuwa ga marubuta da editocin labaran fargaba masu tono zuciyar ɗan Adam, musamman waɗanda ke rubutu a kan masu mutuwar son mawaƙa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Ni mai karatu ce. Ban taɓa rubuta littafi ba, amma na daɗe ina sayen naku, ina hana idona barci a kansu. Kwanan nan na sauke wani, na kuma ji abin da na sha ji a baya, wato an ɗaukar mini alkawari a shafin farko an saɓa a na ƙarshe. Ba zan kama sunan littafin ba, domin laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Kun san zubin. Budurwa ko saurayi, ɗaki kullum a rufe, bango ya cika da hotunan mawaƙi ɗaya, waya ba ta barin hannu. Ana tafiya so ya koma bibiya, bibiya ta koma barazana, daga nan a tsinci gawa. Sai ana dab da rufe littafi a jawo wani tsohon akwati daga ƙarƙashin gado, a ciro wasiƙa, a ce mana ai mawaƙin nan shi ne mahaifinta, ko kuma matar da ta rene ta ba ita ta haife ta ba. Shi ke nan, an tashi.

Abin da ke damuna shi ne yadda kuke zaunar da waɗannan abubuwa biyu, son mawaƙin da sirrin gidan, kamar baƙi biyu da suka haɗu a mota ɗaya, ba wanda ya san wani sai da aka zo sauka. A rayuwa kuwa ɗaya ne ke haifar da ɗaya. Na san haka domin a irin wannan gida na tashi.

Ina da shekara 11 na lura akwai wata waƙa da mahaifiyata ba ta bari ta ƙare. Rediyo na iya wuni a kunne ba ta ko ɗaga kai, amma da zarar an saki kiɗan farko na wannan waƙar sai ta taso daga duk inda take, ko da hannunta da kumfar wanki, ta kashe. Ba ta rage murya, kashewa take yi. Ta koma ta ci gaba da abin da take yi, kowa a gidan ya yi kamar bai gani ba. Mahaifina in yana nan sai ya miƙe ya fita. A cikin kundin hotunanmu kuma akwai hoto ɗaya da aka yanke gefensa da almakashi, yankan bai yi daidai ba, ya bar yatsu huɗu na wani mutum a kan kafaɗar mahaifiyata. Ban taɓa haɗa hoton da waƙar ba. Abin da na sani kawai shi ne ina son in ji ƙarshen waƙar nan fiye da komai a duniya.

Na samu kaset ɗin a ɓoye. Na ji ta har ƙarshe, na mayar, na sake ji. Kafin shekara ta zagayo na san inda mawaƙin yake jan numfashi a kowane baiti, na san wurin da muryarsa ke ɗan karyewa a amshi na biyu. Na nemi sauran waƙoƙinsa duka. Na rubuta masa wasiƙu da ban taɓa aikawa ba. Na ɓata da ƙawata ta kusa, muka yi wata biyu ba ma magana, saboda ta ce muryarsa ba daɗi. Idan na ji an ce ba shi da lafiya sai in kasa cin abinci. Mutumin nan bai san ina duniya ba, ni kuwa na fi sanin muryarsa a kan muryar mahaifina.

Sai da na kai shekara 19 ƙanwar mahaifiyata ta zaunar da ni ta ce ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya. Sun samu saɓani mai tsanani da mahaifinmu ina goye, ya bar gida, ya rasu a nesa kafin a shirya. Waƙar nan ita ce yake rerawa safe da yamma. Duk wani babba a danginmu ya sani. Shekara 8 na yi ina bin sawun yayana a cikin muryar wani, ban ma san an taɓa yin sa ba.

Shi ya sa nake ce muku sirrin gida ba ya zama shiru a cikin akwati yana jiran babi na ƙarshe. Yoyo yake yi kullum. Yana fitowa a hirar da ake katsewa idan yaro ya shigo, a sunan da ba a raɗa wa kowane jariri, a ranar da uwa ke tashi da ciwon kai kowace shekara ba a san dalili ba. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, yara kuwa sun fi kowa jin wannan magana. Wasu likitocin tunani biyu 'yan asalin Hangari da suka yi aiki a Faransa, Nicolas Abraham da Maria Torok, sun yi rubutu a kan haka a shekarun 1970. Sun kira abin fatalwa. A wajensu, abin da ke bin yaro shi ne giɓin da sirrin manya ya bari a cikinsa, sai ya riƙa aikata abubuwan da shi kansa bai san tushensu ba. Wannan giɓin shi ne ƙofar da waƙa ke shiga. Mawaƙi yana faɗin abin da gida ya ƙi faɗa, yana kuka a fili a inda aka hana kuka, kuma ko sau ɗari ka mayar da shi ba zai ce ka dame shi ba.

Tarihin mawaƙan kansu ya ishe ku misali. An haifi Eric Clapton a Ingila a 1945, mahaifiyarsa Patricia tana da shekara 16, mahaifinsa sojan Kanada ne da ya koma ƙasarsu. Kakarsa da mijinta suka rene shi a matsayin ɗansu, ya tashi yana ɗaukar uwarsa a matsayin yayarsa. Yana da kimanin shekara 9 ya gano gaskiya. Yaron ya koma mai shiru, ya janye daga mutane, daga baya ya nutse cikin faya-fayan mawaƙan baƙaƙen fatar Amurka, yana kwaikwayon kiɗansu da jita na sa'o'i shi kaɗai. Bai taɓa ganin mahaifinsa ba har mutumin ya rasu a 1985. Shi kuwa Bobby Darin, mawaƙin Amurka, sai a 1968, yana da shekara 32, matar da ya sani a matsayin yayarsa, Nina, ta gaya masa ita ce ta haife shi. Shekara 5 bayan nan ya rasu. Ku dubi shekarun da aka kwashe kafin a faɗa. Ku dubi matar da ke zaune a ɗaki ɗaya da ɗanta tana jin yana kiran wata da uwa, tana kuma amsa masa a matsayin 'yar'uwa. Fargabar tana cikin waɗannan shekarun, a kowace safiya da kowane dare, ku kuma sai ku tsallake su ku ba mu shafi ɗaya na wasiƙa.

Na san abin da za ku ce: idan mai karatu ya gane da wuri, me zai riƙe shi? Daraktan finafinan fargaba Alfred Hitchcock ya amsa wannan tun a hirarsa da wani daraktan fim, François Truffaut. Ya ce a ɗauka mutum biyu na hira a tebur, sai bam ya tashi ba zato, mai kallo zai firgita na daƙiƙa 15. Amma in an nuna wa mai kallo bam ɗin a ƙarƙashin tebur tun farko, aka nuna masa agogo, to hirar banza ma za ta riƙe shi minti 15 zuciyarsa na dukan uku-uku. Sirrin iyali shi ne wannan bam ɗin. Ku bar ni in hango shi. Ku bar ni in ga uwar tana kashe rediyo a babi na biyu, in ga 'yar tana sayen kaset a na uku, in zauna ina roƙon kada su haɗu a zaure. Ba zan ajiye littafin ba, wallahi.

Sai maganar masoyin kansa, wanda a nan ne na fi jin ciwo.

Kuna zana shi kamar wata halitta dabam: ido jajawur, ba wanka, ba aboki, yana magana da hoto. Mai karatu ya kalle shi daga nesa ya ce Allah ya kyauta, ya rufe littafi hankalinsa kwance, domin bai ga kansa a ciki ba. Alhali kusan kowa ya taɓa ɗanɗana farkon wannan abu. Tun 1956 masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka bayyana irin kusancin da mai sauraro ke ji da muryar da ke shiga ɗakinsa ta rediyo ko talabijin, kusanci mai ɓangare ɗaya, kai ka san shi, shi bai san ka ba. Ba su ɗauke shi cuta ba. Sun ce yana zama matsala ne idan ya maye gurbin hulɗa da mutane na zahiri, ko ya kai mutum ga ƙin yarda da abin da yake gaskiya. Abin ma ya girmi rediyo. A 1844 marubucin Jamus Heinrich Heine ya laƙaba wa zazzaɓin son makaɗin fiyano Franz Liszt suna na musamman, a zamanin da mata ke kokawa a kan safar hannunsa da tsinkakkun wayoyin fiyanonsa. Miliyoyin mutane na son mawaƙa haka, su yi kuka a wurin wasa, su koma gida su ci gaba da rayuwarsu. Waɗansu ma waƙar ce ta riƙe su a lokacin da ba wanda ya riƙe su. Ni tana cikin abin da ya riƙe ni.

Aikinku shi ne ku nuna mana matakalar, taki bayan taki, yadda kowane taki zai yi kama da abin da ni ma zan iya yi. Yau ta haddace waƙa. Gobe ta san ranar haihuwarsa. Jibi ta gane unguwarsu daga wata bishiya da ta fito a bayan hoto, ba da niyyar komai ba, idonta ne kawai ya saba. Wata rana ta bi ta titin, don hanya ce. Wata rana ta tsaya. A wane taki ne ta fita daga cikinmu? In na kasa nuna wurin da yatsa, to kun ci nasara a kaina. Mawaƙin Amurka Eminem ya yi wannan a cikin 'yan mintuna a waƙarsa ta “Stan” a shekarar 2000: wasiƙun wani masoyi da ke farawa da ladabi, su koma ƙorafi, su koma barazana, amsa kuma ta zo bayan an makara. Ku lura, a tsakiyar wasiƙun saurayin yake faɗin cewa shi ma bai san mahaifinsa ba, kuma mutumin yana dukan uwarsa. Raunin gida yana nan tun farko, a fili, shi ne igiyar da ta ɗaure shi da mawaƙin. Sunan saurayin, Stan, ya shiga bakin mutane har ƙamus na Oxford ya karɓe shi a 2017 da ma'anar masoyin da ya wuce gona da iri.

Ban ce haɗarin ƙarya ne ba. Ranar 8 ga Disamba 1980, mawaƙi John Lennon ya sa hannu a kan faifansa ga wani mutum a ƙofar gidansa a New York da yamma, da dare mutumin nan ya harbe shi a wurin. A 1996 wani saurayi a Florida ya aika wa mawaƙiya Björk ƙunshi mai ɗauke da ruwan guba zuwa gidanta a Landan, ya kashe kansa, 'yan sanda suka tare ƙunshin kafin ya isa. A watan Yuni 2016 an harbe mawaƙiya Christina Grimmie, mai shekara 22, a Orlando tana tsaye tana gaisawa da masoyanta bayan wasa. Da gangan na bar sunayen waɗanda suka aikata, domin an ambace su ya isa. Amma wanda na fi so ku tsaya a kansa shi ne na mawaƙiya Selena. Ranar 31 ga Maris 1995 aka kashe ta a Corpus Christi ta jihar Texas, tana da shekara 23. Wadda ta harbe ta ita ce shugabar ƙungiyar masoyanta, wadda aka yarda da ita har aka damƙa mata kula da shagunan tufafinta, kuma abin ya faru ne bayan iyalin sun gano kuɗi na ɓacewa. Babu ɗaki mai duhu a nan, babu baƙo a bayan taga. Mace ce mai fara'a, mai hidima, wadda ke shiga gida ba a tambaye ta. Son maso wani ƙoshin wahala ne, amma wani lokaci son da ya samu shiga ya fi wanda aka bari a waje haɗari, domin yana da abin da zai rasa. Litattafanku nawa ne suka kai nan?

Akwai kuma wata gajeriyar hanya da nake roƙonku ku daina bi, ita ce ta jingina komai ga taɓin hankali. Ana zuwa ƙarshe sai likita ya bayyana ya ambaci sunan wata cuta, a ce ga dalili. Cutar da kuke nufi tana nan, likitan Faransa de Clérambault ya yi bayaninta a 1921: mutum ya yi imani cewa wani babba, wanda ya fi ƙarfinsa, yana son sa a ɓoye yana aiko masa da alamu. Cikin waɗanda ya ba da labarinsu akwai wata mata da ta yarda Sarki George na Biyar na Ingila yana ƙaunarta, takan tsaya a wajen fadar Buckingham, in labule ya motsa ta ce saƙo ne gare ta. Ku ga yadda wannan labulen yake da ban tausayi. Wanda zai rubuta irin wannan ya kamata ya zauna ya karanta, ya rubuta ta daga ciki, mu ji yadda motsin labule ke zama hujja a idonta. Mafi yawan masu fama da ciwon ƙwaƙwalwa ba sa cutar da kowa, sau da yawa ma su ake cuta. Duk lokacin da kuka maida su dodo don ku rufe labari da sauri, akwai wani mai karatu da ke shan magani a ɓoye da zai ƙara ɓoyewa. Ga shi kuma kun wanke iyalin tas. Mutanen da suka yi shekara 20 suna yi wa yarinya ƙarya sun fita ba tabo, ita kaɗai ta ɗauki kaya.

Ba ina nufin ku mayar da iyayen mugaye ba. Mahaifiyata ba muguwa ba ce. Ta yi shiru ne domin in ta buɗe baki sau ɗaya tana tsoron ba za ta iya rufewa ba, mahaifina kuma kunya da nadama ne suka ɗaure masa harshe. Masu binne sirri kusan kullum suna ganin kariya suke bayarwa. Ku ba su babi nasu. Ina son in zauna da uwar a daren da ta ɗauki almakashi.

Sannan ita waƙar. Abin mamaki, a litattafan da aka gina a kan son waƙa, waƙa ce ba a ji. Na fahimci akwai matsalar haƙƙin mallaka, ba a sa baitocin wani a littafi sai da izini, sau da yawa kuma da biya, shi ya sa kuke ƙirƙiro mawaƙanku. To amma in kun ƙirƙiro, ku ƙarasa aikin. Kada ku tsaya a cewa muryarsa na ratsa zuciya, kowa ma haka ake ce masa. Ku gaya mini a wace kalma yake jinkiri, wane kiɗa ne ke shigowa a makare, wane baiti ne yarinyar ta yi shekara uku tana ji ba daidai ba, kuma me kuskuren jin nata ya tona game da ita. Masoyi na gaskiya da irin waɗannan ƙananan abubuwa yake rayuwa. Yana da faifan da ya fi so da wanda yake jin kunyarsa, yana da ranar da ya ji haushin gwaninsa. In ban so waƙar tare da ita ba, ba zan ji tsoro tare da ita ba. Haka shi ma mawaƙin, ku ba shi jiki da gajiya da tsoro, da mutanen da ke jiran dawowarsa gida. Waɗanda aka kashe ɗin nan duk suna da wanda ya jira su.

Ku kuma editoci, kuna da hannu. Ku ne ke rubuta a bayan littafi cewa akwai juyin da ba wanda zai hango, ku ne ke matsa wa marubuci ya ɓoye abin da ya kamata ya shimfiɗa. Idan rubutu ya zo teburinku, ku cire babin wasiƙar ku karanta sauran. In labarin bai girgiza ba, to sirrin manne shi aka yi, ku mayar wa mai shi ya sake zama.

Shekara biyu bayan abin da ƙanwar mahaifiyata ta gaya mini, wata rana da la'asar muna ninke kaya ni da mahaifiyata, na sa waƙar da kaina, a gabanta. Hannuna na rawa. Ta tsaya da zane a hannu, ta kalli rediyon, na ga ƙafarta ta motsa kamar za ta tashi, sai ta zauna. Muka ji baiti na farko. Da aka zo amshi na biyu, wurin da muryar ke karyewa, na bi a hankali kamar yadda na saba. Ba ta dube ni ba ta ce, “Shi ba haka yake faɗa ba. Kullum sai ya juya kalmar nan, ya sa sunanki.” Daga nan ta rera mini yadda yayana yake yi, da muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba, har waƙar ta ƙare kaset ɗin ya tsaya da kansa.

Ina jiran littafin da zai kai ni irin wannan ɗakin.

Taku,
Wata mai karatu